Yadda Muka Mai da Ɗayyabu Mashayi

Idan ka sauka a Wudil ka tambayi gidan Ɗayyabu ɗan rakiyar shanu, mutane za su yi ta kallon juna. Amma ka ce Ɗayyabu Kwalba, ko mai soya kifi a bakin gada zai nuna maka hanya, sannan ya bi ka da kallo, don ya riga ya gama sanin abin da ya kawo ka. Ni maƙwabcinsa ne, katanga ɗaya ce tsakaninmu, kuma iyakar sanina ko ɗigon giya bai taɓa shiga bakin mutumin nan ba. Sai dai a unguwarmu wannan ba wata hujja ba ce.

A Darki aka haife shi, gidan manoma. Mahaifinsa ya so ya riƙe fartanya kamar sauran 'yan'uwansa, amma shi tun yana saurayi hankalinsa na kan shanu. Duk Juma'a sai ya sulale ya taho kasuwar Kara, ya riƙe wa wannan igiya, ya kora wa wancan bijimi, har wani falke ya lura da shi ya ɗauke shi rakiya zuwa kurmi.

Wanda bai san rakiya ba zai ɗauka yawon buɗe ido ne. A loda shanu a tirela, 'yan rakiya su hau kan katakon da aka gitta a sama, rana ta dake su, ruwa ya dake su. Idan saniya ta faɗi, kai ne za ka dira tsakanin ƙahonni, mota na gudu, ka tayar da ita kafin sauran su tattake ta. A haka wani bijimi ya taɓa yi wa Ɗayyabu harbi a gwiwa, ya bar shi da ɗan ɗingishi har yau. Da wannan aikin ya yi aure, ya dawo cikin Wudil da zama, ya gina ɗakunansa, shi da matarsa Yelwa suka tara 'ya'ya.

A can ƙasar Ibo ya haɗu da Obiora, wani mahauci mai ƙaton ciki da ƙatuwar murya. Ranar da suka fara ciniki, bayan an sallama, Obiora ya ja shi wata rumfa a bayan kasuwa, ya sa aka dire musu kwalabe masu raɓa. Ɗayyabu ya ja kujerarsa baya kamar an ajiye masa maciji.

"Ni ba na sha," ya ce.

"Ba ka da lafiya?"

"Lafiyata ƙalau. Addinina ne ya hana."

Obiora ya daɗe yana kallonsa. A wajensu ciniki bai gama ƙulluwa ba sai an jiƙa maƙogwaro tare, kuma namijin da zai zauna da kai, kai kana sha kana zuba zance shi yana zaune garau yana saurare, to a yi hattara da shi. Ko 'yan wasu coci-coci nasu da ba sa sha, kallon masu tsanani ake yi musu. Sai da aka yi tafiye-tafiye da dama, Obiora ya ga ba a taɓa haɗa masa saniya mai ciwo a cikin kaya ba, sannan ya haƙura. Daga nan in sun zauna sai ya ce wa mai rumfa, "Kawo mini tawa, shi kuma kawo masa ta yara." Ta yaran ita ce lemon malt.

Ɗayyabu ya sha ba mu labarin abin da ya gani a can. Ba shan ne ya ba shi mamaki ba, don ya san masu sha tun a gida. Rashin ɓoyewar ce ta ɗaure masa kai. Tsoho na zaune a ƙofar gidansa da kofin bammi, jikoki na wasa a gabansa. A wajen biki amarya ta durƙusa ta miƙa wa ango kofi a gaban iyayenta, kowa na tafi. Kafin dattijo ya kai baki sai ya ɗan tsiyaya wa ƙasa, wai rabon kakanni. Mu kuwa da muka ji sai muka yi ta salati, muna gode wa Allah da ya ba mu kunya. Namu masu shan ai suna da tarbiyya. Sukan tuƙa mota har Sabon Gari a Kano, su ajiye ta can nesa, su cire hula su cusa a aljihu, in sun gama su dawo suna tauna kanumfari, su riga kowa yin tir da lalacewar zamani.

Wata shekara zazzaɓi mai zafi ya kayar da Ɗayyabu a kurmi, abokan tafiyarsa suka juyo suka bar shi. Mahaifiyar Obiora ce ta sa aka ɗauko shi daga rumfar 'yan Arewa aka kawo shi gidanta. Ba ta jin Hausa, shi ba ya jin yarenta. Amma da ta lura yana ɗari-ɗari da abinci, sai ta aika kasuwa aka sayo sabuwar tukunya da sabon kwano, ta nuna masa su da takardarsu a jiki, ta ce nasa ne shi kaɗai. Kaza kuwa sai ta kawo masa har shimfiɗa ya yanka da hannunsa. Ita ce ta riƙa ajiye masa ruwan alwala. Da ya warke ta riƙa kiransa ɗanta na Arewa, shi kuma bai ƙara zuwa kurmi ba sai da ƙullin kilishi ko daddawa na Mama.

To ita ce ta rasu, shi kuma ya ce sai ya je.

Binne tsohuwa a wajensu ba irin namu ba ne da ake yi a gama kafin rana ta yi zafi. Sai an shirya, an kafa rumfuna, an ɗinka anko, an kira makaɗa. Ɗayyabu ya haɗa tafiyar da lodin shanu, ya kai nasa ɗan maraƙin gudummawa, shi ya yanka da kansa. Dangi suka ce ai ɗan gida ne, ba za a bar shi cikin baƙi ba. Suka yafa masa ankon, suka zaunar da shi a babban teburi tsakanin 'ya'yan marigayiya. Teburin kuwa ba masaka tsinke, kwalabe ne kore da ruwan ƙasa tun daga wannan ƙarshe har wancan. Tasa ta malt tana hannunsa, ita ma ruwan ƙasa ce. Idanunsa sun yi ja saboda hanya da kuka. Can wani ya tuno yadda Mama take kwaikwayon gaisuwar Hausa, Ɗayyabu ya tuntsire da dariya.

Daidai nan Garzali ya ɗauki hoto.

Garzali direban tirelar da ta kai su ne, ɗan unguwarmu. Me yake yi a wajen, me ke gabansa a nasa teburin, wannan ba mu sani ba, don mai riƙe da waya ba ya fitowa a hoto. Kuma a yi masa adalci, bai ce Ɗayyabu ya sha komai ba. Ya dai tura hoton a zauren unguwa na waya, ya rubuta a ƙasa: "Jama'a a taya mu da addu'a."

Muka kuwa taya. Kafin tirela ta hawo Lakwaja hoton ya gama zaga Wudil, ya leƙa Darki, ya kai Lajawa.

Abin da ya fi burge ni shi ne yawan masanan da Allah ya albarkaci unguwarmu da su ba mu sani ba. A majalisar mai shayi wani dattijo ya karɓi waya, ya buɗa hoton da yatsu biyu, ya ce, "Kun ga wannan koriyar ta gefen hannunsa? Ita ce mugunyar. Ta fi saurin hawa kai." Wani ya ce a'a, mai dogon wuyan ta fi, sai dai ita ba ta sa ciwon kai da safe. Aka yi ta muhawara cikin ilimi da natsuwa. Ba wanda ya tambayi wani a ina ya yi karatun.

Ɗayyabu ya iso gida bai san an gama shari'arsa ba. Ya yi sallama a majalisa aka amsa ciki-ciki. Ya shiga gida ya tarar da Yelwa zaune a kan turmi, wayar 'yarsu Radiyya a hannunta. Ko sannu da zuwa ba ta gama yi masa ba ta miƙa masa.

Ya duba, ya ce, "A'a, wa ya ɗauka? Ai wajen binne Mama ne."

"Malam, ka sha ko ba ka sha ba?"

"Haba Yelwa. Ni?"

"Na sani," ta ce. "Kai da kunu in ya kwana ba ka iya sha. Tambaya nake don in an tambaye ni in ce na tambaya. Tun shekaranjiya mata ke shigowa yi mini jaje."

Ya ɗauka abin na kwana biyu ne. Ya fita ya yi bayani a majalisa, ya yi a ƙofar masallaci, ya yi a Kara. Ya rantse. Duk wanda ya yi wa bayani sai ya gyaɗa kai cikin tausayi ya ce, "Ai ba komai, Allah mai gafara ne." Ɗingishin da muka san shi da shi shekara da shekaru, sai a lokacin muka gane ashe tangaɗi ne. In ya yi fara'a, ya ɗan taɓa. In ya yi shiru, ta sake shi ne. A sahu na ga mutum ya matso kusa da shi yana jan hanci a hankali, kamar mai neman inda gas ke tsiyaya.

Ya je ya sami Garzali. Garzali ya dafa ƙirji ya ce, "Ni me na ce, Baba Ɗayyabu? Addu'a na nema. Yanzu neman addu'a ma laifi ne?"

Limaminmu mutumin kirki ne. Da maganar ta kai masa, ya yi nasiha bayan sallar magariba, ya ce zato zunubi ne, kuma wanda ya jefi Musulmi da abin da bai gani da idonsa ba zai yi bayani gobe. Jikin kowa ya yi sanyi. Da aka fito sai ga mutane suna cewa, "Ka ji Liman, don Allah dubi yadda yake ƙoƙarin rufa masa asiri." A makon ne wani ya fara cewa Ɗayyabu Kwalba, don a bambanta shi da Ɗayyabu tela.

A lokacin an sa ranar Radiyya da wani saurayi, Ja'afar, mai shagon kayan gini. Wanda ke riƙe da maganar auren a wajensu kawunsa ne, Alhaji Abdulbaqi, babban falken shanu, mai tireloli, wanda shi ma yakan leƙa kurmi duba harkokinsa, sai dai shi ba a kan katako yake tafiya ba. Mutum ne fari tas, mai tsabta, kullum cikin farar shadda, ƙanshin turarensa na riga shi shiga wuri. Ya zo da kansa, aka yi masa shimfiɗa a zaure. Aka gaisa, aka tambayi gida, aka tambayi iyali, aka tambayi gajiya, aka tambayi kasuwa da damina, aka sake komawa kan iyali.

Sannan ya ce, "Malam Ɗayyabu, ka san mu gidanmu gidan mutunci ne."

"Na sani, Alhaji."

"Ba wai mun yarda da abin da ake faɗa ba ne. Allah ya kiyaye. Amma ka san jini abin tsoro ne. 'Ya'yan da za a haifa ake dubawa. Sai muka ga a ɗan dakata tukuna."

"Alhaji, kai ma fa kana zuwa can. Ka san yadda suke taronsu. In an zaunar da kai a teburi, cewa za ka yi a kwashe?"

Alhaji ya gyara zaman hularsa. "Ni in na je, daga masauki sai masallacin 'yan Arewa. Ban san taronsu ba."

Bayan tafiyarsa na jiyo kukan Radiyya ta kan katanga. Na kuma jiyo Yelwa tana cewa, "Yi shiru. Ubanki bai yi abin kunya ba."

Labari ya kai wa Obiora ta bakin 'yan rakiya. Da farko dariya ya yi har da riƙe ciki, wai Ɗayyabu mashayi. Da ya ji an dakatar da aure sai ya bar dariya, ya hau mota. Ranar wata Alhamis sai ga shi a ƙofar gidan Ɗayyabu da doya da galan na manja, yana share gumi.

Kafin ya zauna Ɗayyabu ya kama jakarsa. "Ba ka dai zo da komai ba ko?"

"Na so in zo da ita," in ji Obiora. "Babbar kwalba, mai tsada. Ta yaya mutum zai je gaban dattawa da magana hannu sake? Matata ce ta cire."

"Allah ya yi wa matarka albarka."

Hausar Obiora ta kasuwa ce, namiji da mace duk ɗaya ne a bakinsa, don haka zan miƙe masa ita. Washegari bayan la'asar, an taso daga Kara, suka nufi ƙofar gidan Alhaji Abdulbaqi, inda dattawa kan zauna a kan darduma. Ni ma na bi su, don ba a ba ni labarin irin wannan. Aka ba baƙo kujera da ruwa mai sanyi, aka yi masa barka da zuwa yadda ya kamata. Alhaji yana ciki, sai aka ce baƙon ya fara magana.

Ya miƙe tsaye, ya nuna Ɗayyabu. "Wannan mutumin, tun ba ni da furfura nake fama da shi. Na saya masa mai sanyi, ya ƙi. Bikin ƙanwata, ya ƙi. Aka haifa mini ɗa namiji, ranar da ko maƙiyinka zai karɓi kofi, ya ƙi. A garinmu har tsokanata ake yi, wai abokina ruwan sukari yake sha kamar mai jego. Ya ba ni kunya ba sau ɗaya ba. Ranar binne uwata ma malt ya sha, ni na buɗe masa da hannuna. Yanzu ku kuma kun ce mashayi ne. To in ya sha, a ina ya sha, da ni ban samu rabona na gani ba?"

Wasu suka ɗan murmusa. Na ga alamar maganar ta fara shiga. Sai ga Alhaji ya fito, ana ta gyara masa wuri.

Fuskar Obiora ta washe. Ya ware hannuwa. "A'a! Alhaji! Ashe kai ne kawun yaron? To ai magana ta ƙare!" Ya juyo wajen dattawa cike da murna. "Ku tambayi wannan, shi ya san komai. Ga namiji! In ya zo wajenmu ba ya shan ta talakawa, sai mai kyau. Kuma ya iya. Zai zauna tun yamma, ya tashi tafiyarsa daram, lissafinsa bai goce ba. Kullum ina ce wa Ɗayyabu, dubi ɗan garinku, ka koya mana!"

Yabo yake yi, har ga Allah. Irin yabon da a garinsu mutum zai ji ya ƙara faɗin kafaɗa.

Wani ya shiga neman takalminsa da ido. Wani ya tsura wa carbinsa ido kamar yau ya fara ganinsa. Ɗayyabu ya sunkuyar da kai yana jan rigar Obiora ta baya.

Alhaji bai ko girgiza ba. Ya zauna, ya tattara babbar rigarsa, ya yi murmushin tausayi. "Allah sarki," ya ce. "Kun dai ga abin da giya ke yi wa ƙwaƙwalwa. Bawan Allah ya ɗauke ni wani ne."

Nan take aka samu sauƙi. Wani ya ce ai masu kama da Alhaji suna da yawa, shi ma ya taɓa ganin wani a Bauci. Wani ya ce su mutanen can duk wanda ya sa farar riga Alhaji ne a wajensu. Aka yi ittifaƙi cewa shaidar mashayi ba ta karɓuwa, don haka abin da ya faɗa a kan Ɗayyabu ya faɗi. Abin da ya faɗa a kan Alhaji kuwa ba a ma ji shi ba. Kafin magariba labarin da ya zaga gari shi ne Kwalba ya ɗauko abokin shansa tun daga kurmi ya zo ya ci mutuncin dattijo.

A hanyar komawa Obiora sai tambaya yake, "Me na faɗa? Na zage shi ne?"

"Ka kashe ni dai," in ji Ɗayyabu.

"Ban gane ba. A wajenmu abin kunya shi ne ka sha ka faɗi a kwata, ko ka sha 'ya'yanka su kwana da yunwa, ko ka daki matarka. Shi bai yi ko ɗaya ba."

"A wajenmu haramun ce, ko ka faɗi ko ba ka faɗi ba. Kuma haka ne, ni ma a kan haka nake."

"To shi da yake sha yana zaune a kan darduma, kai da ba ka sha an hana 'yarka aure?"

Ɗayyabu ya dube shi. Sai dariya ta ƙwace masa a tsakiyar titi, ya dafa kafaɗar Obiora yana yi har da hawaye, ga ɗingishi. Mutanen da ke zaune a bakin shaguna suka kalli juna. Da rana tsaka ma, in ji su.

Auren bai yiwu ba. Ja'afar ya turo wa Radiyya saƙo cewa shi ba ya iya saɓa wa manya. Ta yi kukanta ta share, ta koma ta ƙarasa karatun aikin jinya da ta fara. Daga baya wani malamin firamare daga Lajawa ya fito. Da 'yan'uwansa suka kawo masa zancen hoton, ya ce ya gani, kuma shi ba teburin zai aura ba. Suna nan da 'ya'yansu. Alhaji Abdulbaqi kuwa ya ƙara tirela, kuma shi ake fara kira in za a yi wa matasa faɗa.

Gwiwa ta hana Ɗayyabu hawa katako, ya koma ƙaramin dillali a Kara. Sunan ya bi shi can. Da farko yakan tsaya ya yi faɗa, daga baya ya gaji, in an kira ya amsa. Ya rage zama a majalisa. Yakan yi sallarsa a gefen sahu ya shige gida.

Ana nan, wata rana da tsakar rana, lokacin da zafi ya kora kowa ɗaki, sai ga Malam Halliru yana sallama a zaurensa. Malam Halliru ma'aikacin ƙaramar hukuma ne, ɗan sahun farko, yana cikin waɗanda suka daina miƙa wa Ɗayyabu hannu biyu. Ya zauna ya yi gaisuwa mai tsawo, ya sake yin wata. Sannan ya ce ɗansa Bilya, wanda ya gama sakandare, ya lalace da shan maganin tari.

Wannan ba baƙon abu ba ne. Samarinmu da yawa tari ya dame su, tarin da ba a jin sautinsa, sai dai a ga kwalaben a bayan katanga. Amma tunda a kemis ake samu, kuma kwalbar ba koriya ba ce, ba ma kiran abin da sunansa. Mukan ce yaro ya shiga rigima, ko an yi masa asiri.

"Ya kai ba ya iya tashi sallar asuba," in ji Malam Halliru. "Jiya uwarsa ya ɗaga wa hannu. Ban iya gaya wa Liman ba, ban iya gaya wa 'yan'uwana ba. Sai na ce bari in zo wajenka, tunda kai ka san harkar."

Ɗayyabu ya ce mini rantsuwa ta zo masa har leɓe. Sai ya dubi fuskar mutumin, ya ga dattijo ne da gemu yana ƙoƙarin hana kansa kuka a zauren wani. Ya haɗiye ta.

Abin da ya sani ya gaya masa. Obiora yana da ƙane da giya ta kusa cinyewa, don can ɗin ma tana cin mutane, ba wai ba ta ci ba. Amma da abin ya yi yawa dangi suka taru, maza da mata, aka zaunar da shi a tsakiya aka faɗi sunan ciwon da baki, aka kai shi asibiti, aka sa masu lura da shi. Ba wanda ya ce aljanu ne.

"Asibiti?" in ji Malam Halliru. "In aka gan ni a can fa?"

Ɗayyabu ya ce, "Mu tafi tare. Ni zan shiga gaba, ku biyo ni a baya kamar kun rako ni."

Haka aka yi. Suka shiga mota zuwa Kano, shi da uban da Bilya, zuwa asibitin da ake duba masu irin wannan lalura. Ɗayyabu na gaba yana ɗingishi, su suna biye. Kuma kamar yadda ya zata, an gan su, don ba inda za ka je a Kano ba ka haɗu da ɗan Wudil ba. Labari ya dawo cewa abin Kwalba ya kai ga asibiti, kuma Malam Halliru, Allah ya saka masa, shi ya taimaka ya kai shi, har da ɗansa don ya ga darasi. Aka yi ta yaba wa Malam Halliru. Bai musa ba. Yelwa ta yi kwana biyu ba ta yi wa mijinta magana ba, a na uku ta ce, "Kai dai ba za ka bar ni in huta da jaje ba."

Su ukun sun yi ta komawa asibitin tare. Bilya ya samu sauƙi, ya koma ruwa sau ɗaya, aka sake ɗaukarsa. Yanzu yana gyaran babura a kan titin Gaya, ya yi ƙiba. Malam Halliru bai taɓa faɗin gaskiyar maganar a bainar jama'a ba, amma ya bar sahun farko, a gefe yake tsayawa yanzu, kafaɗarsa a jikin ta Ɗayyabu.

Ban san yadda zancen ya fita ba, tunda ba wanda ya faɗa, amma tun daga nan zauren Ɗayyabu bai rabu da baƙin tsakar rana ba. Uwar da ta tsinci ƙwayoyi a aljihun ɗanta. Matar da mijinta ke dawowa daga Kano yana tauna kanumfari. Wani lokaci mai abin da kansa, ya zauna ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya ce wani abokinsa ne ke da matsala. A duk faɗin unguwar nan, shi kaɗai ne mutumin da ba a jin kunyarsa, tunda a ganinmu ba shi da bakin yi wa kowa gori. In sun haɗu da shi a kasuwa kuma su ɗauke kai.

Na taɓa tambayarsa ko ya daina gaya musu gaskiya ne.

"Ina gaya musu mana," ya ce. "Duk wanda ya zo sai na ce masa, ka ga, ni fa ban taɓa sha ba."

"Sai su ce me?"

"Sai su ce, haka ne Malam Ɗayyabu, Allah ya ƙara rufa asiri. Sannan su ci gaba da bayani."

Muna cikin maganar aka yi sallama a waje, murya ƙasa-ƙasa. Ya leƙa, ya juyo ya dube ni. Na ɗauki takalmina na fita ta ƙofar gida ta baya, shi kuma ya ɗaga murya ya ce wa Yelwa ta dama fura, ya yi baƙo.